Ƙusoshin Rufin Lamba Takwas

Gidan Tsamiya, Townsville
3 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayana Clem,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da gwiwarka da karen nan naka mai cin takalma. Na san in na buga waya sai dai in yi ta ihu kana cewa wa ke magana, shi ya sa na koma ga biro da takarda. Shekara arba'in kana dukan kwano a kan gidajen mutane, ga shi kwano ya rama a kunnenka.

Mu nan zafi ya sauko. Mangwaro na ta faɗowa a kan motar Misis Kepa ta lamba ɗaya, jemagu kuma sun hana kowa shanya a waje. Amma ba wannan ya sa na zauna rubutu ba.

Ka san tun rasuwar mijina Lionel, shekara uku ke nan, aka ɗora mini shugabancin kwamitin gidan nan, ba don an ga na iya ba, sai don ni kaɗai ce ban san yadda ake cewa a'a a taro ba. Sassa takwas ne, huɗu a ƙasa huɗu a sama, rufi ɗaya, inshora ɗaya, kuma doka ba ta yarda gini irin namu ya kwana babu ita ba. Tamu za ta ƙare ran talatin ga wata. Lokacin da na karɓi kujerar, dala dubu ashirin da ɗaya muke biya. Bana kamfaninmu ya ce dubu hamsin da takwas. Na karanta takardar sau uku, na goge tabarau, lambar ba ta canja ba. Wai mu mutanen arewa mazauna bakin teku guguwa ce maƙwabciyarmu, sai ka ce mu muka gayyato ta.

Rabona ya haura dubu bakwai, ni da nake zaune a kan fansho. Gara ka ji daga bakina: in wannan kuɗin ya tabbata, sai na sayar da sashena, lamba takwas. A ɗakin nan Lionel ya cika, Yaya. Ba na so in bar shi, kuma tsoro nake ji.

Akwai 'yar hanya. Dillaliyarmu, wata yarinya mai natsuwa, Anthea Boyle, ta samo wani kamfani da ya yarda da dubu talatin da uku. Da wannan zan iya maleji. Sai dai akwai fom da zan sa wa hannu, tambaya ta tara kuma tana cewa, an taɓa yin aiki a rufin, wa ya yi, ina takardar shaidarsa.

Ka tuna babbar guguwar nan ta shekara goma sha huɗu da suka wuce, da ta ɗaye rufin lamba bakwai da takwas ta kai shi filin ƙwallo. Magina suka ce sai bayan wata biyar. Ka sauko da motarka, kai da Lionel da abokanka biyu, Asabar da Lahadi kuka rufe mana asiri. Ladanku katan biyu na giya da naman da na gasa muku a gindin tsamiya. Haka ake yi, wa ya taɓa tambayar abokinsa rasit? To yanzu ana tambaya. Ka duba cikin akwatunan nan naka ka aiko mini da duk wata takarda mai lambar lasisinka.

Da Lionel na raye da tuni ya cika mota da mai. Shi da rediyo ta ce iska na haɗuwa a teku, ko nisan kilomita dubu ne, sai ya ce mu tafi gidan Clem. Sarkin Gudu ke nan, Allah ya ji ƙansa.

Ka amsa da wuri. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Noeline

Charters Towers
7 ga Nuwamba

Auta,

Na gaishe ki. Takardarki ta iso. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta. Kare ya gama da takalma ya koma kan tiyo.

Takardar shaida babu. Lasisina ya mutu shekara guda kafin guguwar, ban sabunta ba saboda ina shirin ajiye guduma. Ko da yana raye, aikin da aka biya da giya ba ya zuwa da hatimi.

Kada ki sa hannu a kan komai tukuna.

Tirelar nan ta kwana da ke bayan gida, kaji kawai ke morar ta. Wani ya taya ta bara. In na sayar za ta biya miki na bana, kada ki yi mini musu.

In rediyo ta fara magana ki haɗa jaka. Dama ina da ganin likitan kunne a garinku, sai mu dawo tare.

Kuma ki daina kiran mutumin nan da wancan sunan. Ya riga mu gidan gaskiya.

Ki gai da Misis Kepa. Sai na ji daga gare ki.

Clem

Ofishin Dillancin Inshora, Townsville
11 ga Nuwamba

Zuwa ga Misis Noeline Treacy,
Shugabar Kwamitin Gidan Tsamiya

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya.

Ina tunatar da ke cewa tayin dala dubu talatin da uku yana nan har zuwa ranar ashirin da biyar ga wannan wata, kuma ya dogara ne ga amsoshin da ke cikin fom. Kin tambaye ni ta waya abin da zai faru in aka amsa tambaya ta tara da "a'a". Na ga ya dace in ba ki amsa a rubuce. In ba a taɓa rufin ba, kamfanin zai karɓa ba tare da turo injiniya ba. In an taɓa shi kuma babu takardar shaida, da wuya tayin ya tsaya. In kuwa aka ce ba a taɓa ba, daga baya ɓarna ta auku aka gano an taɓa, kamfanin yana iya ƙin biya, ga dukkan sassa takwas, kuma wanda ya sa hannu shi za a fara tambaya.

Haka kuma, kamar yadda kika sani, da zarar hukumar yanayi ta raɗa wa guguwa suna tana dosowa, kamfanoni sukan daina karɓar sababbin gidaje har sai ta wuce. Ina ba da shawara kada a jira ranar ƙarshe.

Ki huta lafiya.

Taki cikin girmamawa,
Anthea Boyle

Gidan Tsamiya
15 ga Nuwamba

Yaya Clem,

Ina gaisuwa, amma gaisuwar yau gajera ce, raina a ɓace yake.

Ka riƙe tirelarka. In ka sayar bana, baɗi me za ka sayar, karen?

Jiya muka yi taro a gindin tsamiya. Mista Stroud, mutumin Brisbane da ya sayi sassa uku ya zuba 'yan haya bai taɓa kwana a garin nan ba, ta waya ya halarta. Muka kifa bokiti muka ɗora wayar a kai, muka zagaye ta kamar masu jin ɗumi. Na karanta musu wasiƙar dillaliya daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko layi ba. 

Stroud ne ya fara. Ya ce shi bai ga matsala ba, rufin da ya yi shekara goma sha huɗu bai motsa ba ai ya ci jarrabawa, kuma babu wani rubutu a littafin kwamiti da ya nuna an yi aiki. Gaskiyarsa ce a nan, Lionel ne sakatare a lokacin kuma bai rubuta komai ba. Sannan ya ce, "Misis Treacy, gidan a'a a kan fom ɗan ƙarami ne, biro ɗaya zai cika shi."

Na juya ga Misis Kepa, wadda ta yi muku salak ɗin dankali ranar aikin, har ta yi wa abokinka mai gemu tsiya wai ya fi iya cin abinci a kan riƙe tsani. Ta kalli ƙafafunta ta ce, "'Yar'uwa, ni lokacin ina Cairns wajen 'yata. Ban ga komai ba." Ban yi fushi da ita ba. Fanshonta bai kai nawa ba, jikokinta biyu kuma a hannunta suke. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya manta da ranar. Mutumin lamba uku har cewa ya yi yana jin kamar rufin bai ma tashi ba, ɗan lanƙwasa kawai ya yi. Aka kaɗa ƙuri'a, bakwai suka ce a ɗauki mai arha. Ƙuri'a tasu, amma ni ce mai sa hannu.

Ga ni gaba kura baya siyaki. In na faɗi gaskiya na rasa ɗakina, na jawo wa Misis Kepa abin da ba za ta iya ɗauka ba, kai ma na jefa sunanka a bakin Stroud da lauyoyinsa. In na yi ƙarya, ni da ban taɓa cin tarar ajiye mota ba, zan zauna da ita duk damina. Ga shi rediyo ta fara. Wai akwai iska da ke haɗuwa can wajen tsibiran Solomon, ba ta yi ƙarfi ba tukuna.

Yanzu kai. Ka ce kada in sa hannu, ba ka ce don me ba. Na san ka tun kana satar rake a gonar Baba, in kana ɓoye abu maganarka gajarta take yi. Kuma na zauna na lura, likitan kunnen nan naka bai taɓa kiranka ba sai in sama ta yi baƙi. Sau huɗu tun rasuwar Lionel. Wane irin likita ne wannan mai aiki da hukumar yanayi?

Abu ɗaya nake so ka faɗa mini, kai da ka hau kansa. Rufin nan lafiya yake? In lafiya yake, to ƙaryar ta takarda ce kawai, zan rufe ido in zana a'a in roƙi Allah gafara. Ran ashirin da huɗu zan kai fom ofis. In ban ji daga gare ka ba, na ɗauka lafiya yake.

Ka huta lafiya.

Noeline

Charters Towers
19 ga Nuwamba

Ƙanwata Noeline,

Ina gaishe ki. Wannan ita ce takarda ta huɗu da na fara, ukun suna cikin murhu. Ki zauna kafin ki karanta.

Rufin ba lafiya yake ba.

Kwanon garinku ba a buga shi da ƙusa. Dogon sukuru ake sa masa mai faffaɗan wuya, a kowane tudu, ya kama katako ya riƙe, don in iska ta shiga ƙarƙashi ba ta da aiki sai ɗagawa sama. Na taho da duk wanda nake da shi. Ran Lahadi da rana ya ƙare, saura kusan kashi ɗaya cikin uku. Lionel ya zaga shaguna har wajen gari, ko ƙwaya ɗaya babu, kowa gyara yake yi. Ga hadari ya sake haɗowa, tamfol ya yage, ruwa na zuba a kan gadon tsohuwar da ke lamba bakwai a lokacin. Abin da ya rage a motata buhun ƙusa ne, irin wadda ake buga wa rumfar kaji.

Daga ɓangarenku muka fara, don haka lamba bakwai ce za ta samu ƙusar. Lionel ya hau ya tsaya ya duba. Ya ce mu kwance abin da muka ɗaura a kan lamba takwas mu mayar kan bakwai. Na ce aikin awa huɗu ne, mahaukaci ne kai? Ya ce, "In za a buga ƙusa, a buga a kan ɗakina. Ba zan kwanta a ƙarƙashin sukuru tsohuwar mutane tana ƙarƙashin ƙusa ba." Muka kwance. Ke kina ƙasa kina juya nama kina ce mana malalata.

Muka yi alkawari da kaya sun shigo zan dawo in canja. Bayan wata biyu na sayi kwali guda na sukuru. Yana nan a rumfata ban buɗe ba. Da farko aiki ne ya riƙe ni. Daga baya muka ga in aka ɗaga kwanon da rana tsaka kowa zai tambaya, kamfanin inshora zai ji, a ce duk gidan ba shi da kariya tun ranar. Muka ce bari bayan damina. Damina ta wuce, wata ta zo. Na faɗo daga tsani na fasa gwiwa, zuciyarsa ta fara ciwo. Daga nan ba uzuri ba ne kuma, kunya ce.

Ya hana ni faɗa miki. Ya ce ba za ki ƙara barci a ɗakin ba, kuma ke ba ki iya riƙe magana a gaban kwamiti ba. Abin da ya ɗaukar wa kansa shi ne ba za ki taɓa kwana a ƙarƙashin rufin nan ana iska ba. Shi ya sa yake cika mota da mai. Mutumin da na gani a tsaye a bakin rufi hawa biyu ba igiya, ba iska yake tsoro ba. A asibiti, kwana biyu kafin ya cika, ya riƙe hannuna ya ce yanzu ni ne direba. Babu wani likitan kunne da nake zuwa gani, Auta. Rabona da shi shekara shida.

Ƙusa ta yi shekara goma sha huɗu a iskar gishiri. Ban san abin da ya rage a jikinta ba. Ba wai ta riƙe ba ne, ba a gwada ta ba ne kawai. In kusurwarku ta tashi, za ta ja na lamba bakwai ta tafi da shi.

Ki rubuta sunana a fom ɗin. Ki rubuta ba ni da lasisi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na san abin da wannan zai jawo miki, kuma ban da bakin ba ki haƙuri, amma ina ba ki.

Yayanki,
Clement

Ofishin Dillancin Inshora, Townsville
29 ga Nuwamba

Zuwa ga Misis Noeline Treacy,

Bayan gaisuwa da girmamawa.

Ina tabbatar miki a rubuce cewa bayan nazarin amsarki ga tambaya ta tara da ƙarin shafi biyu da kika haɗa, sabon kamfanin ya janye tayinsa. Na miƙa bayanin ga tsohon kamfaninku kamar yadda kika umarta. Jiya da yamma suka amince su sabunta a kan dala dubu hamsin da takwas, bisa sharaɗin injiniya ya duba rufin cikin kwana sittin, mai lasisi ya gyara, kuma ba za su biya ɓarnar iska a ɓangaren lamba takwas ba har sai an gama. Sauran sassa bakwai suna da cikakkiyar kariya.

Yau da safe hukumar yanayi ta raɗa wa guguwar suna, kamfanoni sun rufe ƙofa. Da kwana ɗaya kuka shiga.

Na karɓi saƙon Mista Stroud game da lauya, na kuma sanar da shi cewa wannan ba hurumina ba ne. Lambar dillalin gidaje da kika nema tana bayan wannan takarda.

Ki huta lafiya.

Taki cikin girmamawa,
Anthea Boyle

Ƙari: Shekara tara ina wannan aiki, ban taɓa ganin wanda gidan tambaya ta tara ya yi masa kaɗan ba. Don Allah kada ki kwana a sama cikin makon nan.

Gidan Tsamiya
30 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ba direban motar burodi wannan, zai ajiye maka kafin rana ta yi tsaka.

Na rubuta komai a fom ɗin, har da giyar. Stroud ya ce zai kai ka kotu, na ce ya fara da ni, ni na gasa naman. Ma'auratan lamba bakwai sun koma ƙasa wajen lamba uku. Misis Kepa ta yi kwana biyar ba ta amsa gaisuwata ba, amma yau na tarar da leda cike da mangwaro a bakin ƙofata. Dillalin gidaje zai zo ɗaukar hoto bayan iska ta wuce, in ya tarar da abin ɗauka.

An ce jibi guguwar za ta iso. Na haɗa jaka, zo ka ɗauke ni. Ka taho da kwalin nan a ba maginin da zai yi gyaran, amma ƙafarka ba za ta taɓa tsani ba.

Ka fito da wuri, za mu biya ta maƙabarta. Shekara goma sha ɗaya ina kiransa Sarkin Gudu a gaban mutane, yana murmushi yana ɗaure kayana a bayan mota. Ina da magana da shi.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Noeline